Kalmomin Aiki Masu Taurin Kai A Harshen Sifaniya

Kowane harshe da hanyarsa ta ba da labarin abin da ya wuce. Bahaushe ya kan ce na biya, ka biya, ya biya, mun biya, kun biya, sun biya. Ku duba da kyau. Kalmar biya ba ta motsa ba. 'Yar kalmar da ke gabanta ita ke sauyawa, ita ce kuma ke gaya mana wanda ya yi biyan. A harshen mutanen Sifaniya ba haka abin ya ke ba. Su a wutsiyar kalma su ke sa alamar mai aikin. Wani lokaci ma har cikin kalmar ya kan sauya. Abin da za mu duba ke nan a wannan karatu.

INDA A KE JIN HARSHEN

Sifaniya ƙasa ce a Turai, tsallaken ruwa daga Maroko. A can ne Andalus ta ke, wadda malamai ke ambata cikin littattafai, gama Musulmi sun yi mulki a sassan ƙasar tun daga 711 har 1492. Shi ya sa har yau akwai kalmomin Larabci da yawa a bakinsu, kamar azúcar, watau sukari, da aceite, watau mai. Amma asalin harshen daga Latin ne, harshen Rumawan da. A 1492 wani malami mai suna Antonio de Nebrija ya wallafa littafin nahawun harshen na farko.

Yau mutum wajen miliyan 500 ne suka sha Sifaniyanci a nono, kuma shi ne harshen hukuma a ƙasashe 20. Meziko ta fi kowace ƙasa yawan masu jinsa. Akwai Kolombiya, da Ajantina, da Kuba, da sauransu. A Afirka kuwa akwai Ikwatoriyal Gini, maƙwabciyar Kamaru, wadda ta sami mulkin kai a 1968. Tsibirinta na Bioko shi ne a da a ke kira Fernando Po, inda dubban 'yan Nijeriya suka yi ƙwadago a gonakin koko.

To, wanda neman abinci ya kai shi ɗaya daga ƙasashen nan, ya kula da wutsiyar kalma kamar yadda ya ke kula da aljihunsa. Pagué shi ne na biya. Pagó shi ne ya biya. In mai bin ka bashi ya kai ka gaban alƙali, kana so ka ce ka biya, bakinka ya ce pagó, ai ka ba wani shaidar kuɗinka. Wasali guda ya jawo maka biya na biyu.

YADDA A KE KARANTA BAƘAƘENSU

Wasulansu biyar ne kamar namu, a, e, i, o, u, kuma faɗarsu kusan ɗaya ce da tamu. Amma ku riƙe waɗannan game da baƙaƙe:

h: ba a faɗarsa ko kaɗan. Hice a ke rubutawa, a faɗi ise.
j: daga maƙogwaro ya ke fita, kamar ha mai ruwa mai ɗigo a sama na Larabci. Haka g ma in e ko i ya bi shi.
v: kamar b ne. Vine a ke rubutawa, a faɗi bine.
z: kamar s ne. Haka c ma in e ko i ya bi shi. Yawancin mutanen Sifaniya su kan sa harshe tsakanin haƙora wajen faɗarsa.
qu: k ne kawai.
ll: kusan y ne.

Akwai kuma ɗan kara da su ke ɗorawa bisa wasali, kamar é ko ó. Ma'anarsa a nan za a danna murya. Kada ku raina shi. Kun san kukan yaro da kukar miya, in an ce kuka, rubutu ɗaya ne, murya ce ke raba su. To, su ma haka. Compro, in an danna gaba, ina saye ke nan. Compró, in an danna baya, ya saya ke nan.

GINDI DA WUTSIYA

Kalmar aiki ita ce malaman Larabci ke kira fi'ili, malaman Hausa kuma aikatau. A Sifaniyanci kowace tana da gindi da wutsiya. Ku ɗauki comprar, watau saye. Gindin compr, wutsiyar ar. Gindi ke ɗauke da ma'ana, wutsiya ke faɗin wa ya yi, da yaushe ya yi.

Wanda ya taɓa karatun nahawu a zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba. Balarabe ya kan ce kataba, ya rubuta. Katabtu, na rubuta. Katabna, mun rubuta. Hanyar ke nan.

Kalmomin aiki gida uku ne: gidan ar, gidan er, gidan ir. Ga masu bin ƙa'ida tukuna, domin ba a gane karkatacce sai an san miƙaƙƙe.

Gidan ar. Comprar, saye:
compré: na saya
compraste: ka saya, ko kin saya
compró: ya saya, ko ta saya
compramos: mun saya
comprasteis: kun saya
compraron: sun saya

Gidan er. Vender, sayarwa:
vendí: na sayar
vendiste: ka sayar
vendió: ya sayar
vendimos: mun sayar
vendisteis: kun sayar
vendieron: sun sayar

Gidan ir ba shi da wutsiyoyi nasa na dabam in a na maganar abin da ya wuce. Shi da gidan er tukunyarsu ɗaya. Escribir, rubutu: escribí, escribiste, escribió, escribimos, escribisteis, escribieron.

Ku lura da abu uku. Na ɗaya, wutsiya ba ta raba mace da namiji, ka da kin duk ɗaya. Na biyu, layi na biyar a Sifaniya a ka fi jinsa. A Meziko da maƙwabtanta, in za a ce kun saya, layi na shida a ke ara, a ce ustedes compraron. Na uku, yadda mu ke ce wa babba ku don girmamawa, su usted su ke ce masa, sa'an nan su ba shi layi na uku. Usted compró, watau kun saya, ranka ya daɗe.

MASU SAUYAWA YAU, SU NATSU JIYA

Akwai waɗansu kalmomi da cikinsu ke fashewa in a na maganar yanzu. E ta koma ie, o ta koma ue. Sembrar shuka ne, amma ina shuka siembro ne. Contar ƙirga ne, amma ina ƙirga cuento ne. Mai koyo ya kan ga wannan ya tsorata, ya zaci haka za su yi ko'ina.

Ga albishir. In kalmar 'yar gidan ar ce ko gidan er, da an koma maganar jiya sai cikinta ya koma daidai.

sembrar, shuka: siembro, ina shuka, sembré, na shuka
contar, ƙirga: cuento, ina ƙirga, conté, na ƙirga
perder, ɓatarwa: pierdo, ina ɓatarwa, perdí, na ɓatar
volver, komowa: vuelvo, ina komowa, volví, na komo
llover, ruwan sama: llueve, a na ruwa, llovió, an yi ruwa

Mene ne dalili? Nauyin murya ne. Wasalin nan na ciki ba ya fashewa sai an ɗora masa nauyi. A siembro nauyin na bisa gindi, shi ya sa ya fashe. A sembré nauyin ya koma bisa wutsiya, gindi ya huta, ya zauna yadda ya ke. Kun ga jaki ba ya nishi sai da kaya a bayansa. Duk layi shida na jiya nauyinsu a wutsiya ya ke, saboda haka babu inda gindi zai fashe: sembré, sembraste, sembró, sembramos, sembrasteis, sembraron.

'YAN GIDAN IR MASU SAUYA CIKI

A nan ne albasa ba ta yi halin ruwa ba. 'Yan gidan ir da ke sauya ciki a maganar yanzu, kusan dukkansu su kan sauya a maganar jiya ma. Amma a wuri biyu kaɗai: layi na uku da layi na shida, watau ya yi da sun yi. Kuma ba fashewa wasalin ke yi ba, tsukewa ya ke yi. E ta koma i, o ta koma u.

Pedir, roƙo ko neman a ba ka abu:
pedí: na roƙa
pediste: ka roƙa
pidió: ya roƙa
pedimos: mun roƙa
pedisteis: kun roƙa
pidieron: sun roƙa

Dormir, barci:
dormí: na yi barci
dormiste: ka yi barci
durmió: ya yi barci
dormimos: mun yi barci
dormisteis: kun yi barci
durmieron: sun yi barci

Ga hanyar tunawa. Ku dubi wutsiya. In wutsiyar ió ce ko ieron, wasalin ciki ya tsuke. In ba su ba ne, ku bar shi.

Masu bin sawun pedir suna da yawa, kuma na yau da kullum ne:
medir, awo: medí, na auna, midió, ya auna
seguir, bi: seguí, na bi, siguió, ya bi
sentir, ji a jiki ko a rai: sentí, na ji; sintió, ya ji
mentir, ƙarya: mentí, na yi ƙarya, mintió, ya yi ƙarya
repetir, maimaitawa: repetí, na maimaita, repitió, ya maimaita
hervir, tafasa: el agua hirvió, ruwa ya tafasa

Masu bin sawun dormir kuwa ba yawa. Sananniyar ita ce morir, mutuwa: murió, ya mutu, murieron, sun mutu.

Kun tuna usted layi na uku ya ke ɗauka? To, ga inda abin zai amfane ku tun da asuba. In abokinka ne za ka ce masa, ¿Dormiste bien? Ka yi barci lafiya? In kuwa maigidanka ne ko wani dattijo, sai ka ce, ¿Durmió usted bien? Wanda ya ce dormió za a gane nufinsa, amma kowa zai san bai ƙware ba.

Kada ku ga kamar su kaɗai ke da kalma mai sauya kama. Mu ma mu kan ce na saya, na sayi doki, na saye shi. Balarabe ma ya kan ce ƙala, ya ce, amma ƙultu, na ce. Ba mu jin wuyar tamu domin da ita muka tashi.

MASU SAUYA RUBUTU KAƊAI

Waɗannan ba su da laifi. A baki suna bin ƙa'ida sarai, alƙalami ne kawai ke gyara su don kada a karanta su a karkace.

Masu ƙarewa da car, gar, zar suna sauyawa a layi na ɗaya kaɗai:
buscar, nema: busqué, na nema, buscó, ya nema
pagar, biya: pagué, na biya, pagó, ya biya
llegar, isowa: llegué, na iso; llegó, ya iso
empezar, farawa: empecé, na fara, empezó, ya fara

Kun tuna c na komawa s in e ta bi shi. Da an rubuta c da e a busqué, da sai a karanta buse. Don a tsare k ɗin a ka sa qu. Haka u ɗin da ke cikin pagué, ba a faɗarsa, gadi kawai ya ke yi don g ya zauna g. Faɗar kalmar page ce, a danna baya.

Sai kuma waɗanda gindinsu ya ƙare da wasali. A layi na uku da na shida i ɗin wutsiya ya kan matse tsakanin wasula biyu, sai ya koma y. Leer, karatu: leí, leíste, leyó, leímos, leísteis, leyeron. Haka oír, ji da kunne: oyó, oyeron. Haka caer, faɗuwa: cayó, cayeron. Haka construir, gini: construyó, construyeron.

KANGARARRU NA SOSAI

Yanzu mun zo ga manya. Waɗannan in za su ba da labarin jiya sai su yar da gindinsu su ɗauko wani. Amma ko ɓarayi suna da sarki. Dukansu wutsiyoyi iri ɗaya su ke sawa, ko daga wane gida suka fito:

e, iste, o, imos, isteis, ieron

Ku lura, babu ɗan kara bisa e, babu bisa o. A layi na ɗaya da na uku gindi a ke dannawa, ba wutsiya ba. Wannan shi ne babban abin da ya raba su da masu bin ƙa'ida.

Tener, samu ko mallaka. Sabon gindin tuv:
tuve: na samu
tuviste: ka samu
tuvo: ya samu
tuvimos: mun samu
tuvisteis: kun samu
tuvieron: sun samu

In kun iya wannan guda, saura haddace gindi kawai. Sun kasu uku.

Masu u:
estar, kasancewa a wuri: estuve, estuvo
andar, tafiya da ƙafa: anduve, anduvo
poder, iyawa: pude, pudo
poner, ajiyewa: puse, puso
saber, sani: supe, supo
haber: hubo, watau an yi, kamar hubo hambre, an yi yunwa

Masu i:
venir, zuwa: vine, vino
querer, so: quise, quiso
hacer, yi: hice, hizo

Ku dubi hizo. Sauran layukan da c a ke rubuta su: hice, hiciste, hicimos, hicisteis, hicieron. Amma in an bar c gaban o, sai a karanta iko. Don haka a ka sa z, a faɗi iso.

Masu j:
decir, faɗa: dije, dijo
traer, kawowa: traje, trajo
conducir, tuƙi: conduje, condujo

Masu j suna da halinsu guda. A layi na shida j ya kan haɗiye i. Ba a cewa dijieron, sai dijeron, sun ce. Ba a cewa trajieron, sai trajeron, sun kawo.

Kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Kalmar da a ka gina bisa kangararriya, halin uwarta ta ke ɗauka. Tener ta ba da tuve, saboda haka detener, tsayarwa, ta ba da detuve. Poner ta ba da puse, saboda haka componer, haɗawa, ta ba da compuse. Hacer ta ba da hice, saboda haka deshacer, warwarewa, ta ba da deshice. Gindi guda da kuka haddace zai buɗe muku kalmomi da dama.

Me ya sa suka kangare? Gado ne. Barume ya kan ce feci, na yi. Dixi, na ce. Veni, na zo. Su ne suka gangaro suka zama hice, dije, vine. Kalmar da ba a cika faɗa ba, yau da gobe mutane su kan manta tsohuwar kamarta su mai da ita bisa ƙa'ida. Amma wadda a ke faɗa safe da yamma, yaro na jin ta tun yana goye, babu damar mantawa. Ku duba tamu Hausar. Na gani, na ga sarki, na gan shi. Na sani, na san shi. Na bari, na bar shi. Duk kalmomin yau da kullum ne, su ne kuma masu sauya kama yadda sauran ba su yi.

HUƊU DA BA SU SHIGA KO'INA BA

Ir ita ce tafiya. Ser ita ce zama wani abu, kamar zama malami ko manomi. A maganar yanzu ba su yi kama ba ko kaɗan. A maganar jiya kuwa rigarsu ɗaya:

fui, fuiste, fue, fuimos, fuisteis, fueron

Yaya za a rarrabe? Abin da ya biyo baya shi ke faɗa. Fue al mercado, ya tafi kasuwa. Fue maestro, ya yi malanta. In kun ji a ko al a bayanta, sa'an nan sunan wuri, tafiya ce.

Dar, bayarwa, 'yar gidan ar ce, amma wutsiyoyin gidan er ta ara: di, diste, dio, dimos, disteis, dieron.

Ver, gani: vi, viste, vio, vimos, visteis, vieron.

Fui, fue, dio da vio ba su ɗaukar ɗan kara, domin gaɓa ɗaya ce, babu wani wurin da za a danna. In kun ga fué ko dió cikin tsohon littafi, ba kuskuren maɗaba'a ba ne. Haka a ke rubutawa a da. Majalisar masana harshen, Real Academia Española, wadda a ka kafa a Madrid a 1713, ita ta tsai da ƙa'idar cire karan a 1959.

JIYA IRI BIYU CE

Duk abin da muka karanta a sama na aikin da a ka yi a ka gama ne, kamar na tafi. Akwai wata hanya ta biyu, ta aikin da a ke cikin yi a da, ko wanda a ka saba yi, kamar ina tafiya a lokacin, ko na kan tafi a da. Compraba, na kan saya. Vendía, na kan sayar. Wannan ta fi sauƙi ƙwarai. Kangararrunta uku ne tak: ser ta ba da era, ir ta ba da iba, ver ta ba da veía. Cikin kalma ba ya sauyawa: pedía, dormía, tenía.

Amma ku yi hattara, waɗansu kalmomi ma'anarsu na gocewa tsakanin hanyoyin nan biyu. Sabía, dama na sani. Supe, na sami labari. Podía, ina da halin yi. Pude, na samu na yi. No pude, na kasa. Quería, ina so; no quise, na ƙi. Wanda ya ce wa maigidansa no quise, alhali no pude ya ke nufi, ya ce ya ƙi aikin ke nan, ba kasawa ya yi ba. Kama da wane ba ta wane.

GA ƊAN LABARI

Ku karanta a hankali, ku nemi kowace kalmar aiki, ku faɗi gidanta.

Ayer vino mi hermano del pueblo.
Jiya ɗan'uwana ya zo daga ƙauye.

Trajo dos cabras.
Ya kawo awaki biyu.

Fuimos al mercado.
Muka tafi kasuwa.

Un hombre pidió una rebaja.
Wani mutum ya nemi ragi.

Mi hermano dijo que no. No quiso vender.
Ɗan'uwana ya ce a'a. Ya ƙi sayarwa.

Otro hombre vio las cabras y pagó.
Wani mutum dabam ya ga awakin, ya biya.

Mi hermano me dio el dinero y lo puse en el bolsillo.
Ɗan'uwana ya ba ni kuɗin, na sa a aljihu.

Volvimos a casa.
Muka komo gida.

Llovió toda la noche y los niños durmieron bien.
A ka kwana a na ruwa, yara suka yi barci lafiya.

YADDA ZA KU HADDACE

Kada ku haɗiye su gaba ɗaya. Ku ɗauki kalma biyu kowace rana. Ku fara da ir, hacer, decir, tener, venir da dar, gama su ne za ku fi bukata. Kowace ku fara riƙe layi na ɗaya da na uku, na yi da ya yi, tun da su ne ke raba ka da wani. Ku zauna biyu biyu. Wannan ya ce hice, wancan ya amsa hizo. Wannan ya ce pedí, wancan ya amsa pidió. Ku faɗa da ƙarfi, kunne ya ji inda nauyi ya sauka, sa'an nan ku rubuta. Da dare kowa ya gwada faɗin abu uku da ya yi a ranar. Sannu ba ta hana zuwa.

TAMBAYOYI

1. A ina Bahaushe ke sa alamar mai aiki? A ina mutumin Sifaniya ke sa tasa?
2. Mene ne bambancin compro da compró?
3. Me ya sa a ke cewa siembro, amma a ce sembré?
4. A waɗanne layuka biyu ne pedir da dormir ke sauya ciki?
5. Wane aiki u ke yi cikin pagué?
6. Ku faɗi layi shida na poner, sa'an nan na decir.
7. Fue al pueblo da fue soldado, wanne ne na tafiya?
8. Ku mai da waɗannan Sifaniyanci: na zo, ya auna, sun kawo, mun gani, na kasa.
9. Cikin ɗan labarin nan akwai kalmomin aiki guda huɗu da suka bi ƙa'ida ko ba su sauya ba. Ku nemo su.